Darasi na 9: Facin Tsayar da Jini a Ɗakin Tiyata

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda jiki ke tsayar da jini da kansa;
2. faɗin mene ne facin tsayar da jini, inda yake amfani da inda ba ya yi;
3. sanin abin da ya rataya a wuyan majinyaci da danginsa kafin a shiga tiyata.

Gabatarwa

Duk tiyata yanka ce, kuma duk yanka sai ya fid da jini. Shi ya sa babban abin da ke gaban likitan tiyata, daga lokacin da ya ɗora wuƙa har ya yi ɗinkin ƙarshe, shi ne kada majinyaci ya zubar da jinin da ya fi ƙarfin jikinsa. Baligi mai matsakaicin jiki yana ɗauke da jini kusan lita 5. Idan ya rasa kashi 15 cikin 100, jiki na iya jurewa. Idan abin ya kai kashi 30, zuciya za ta riƙa bugawa da sauri, awon jini ya sauka, hannu da ƙafa su yi sanyi. Idan ya haura kashi 40, wato kusan lita 2, rai ya shiga haɗari.

Likitoci suna da dabaru da dama na tare wannan ɓarna. A yau za mu duba ɗaya daga cikin na baya-bayan nan: wani ɗan ƙyalle da ake mannawa a kan wurin da ke tsattsafar da jini, a bar shi a ciki a rufe, jiki ya narkar da shi daga baya.

Yadda jiki ke tsayar da jini

Kafin mu fahimci facin, sai mun san aikin da Allah Ya riga Ya shirya a cikin jiki, domin facin ba ya kawo wani sabon abu. Wannan aikin yake hanzartawa.

Idan wuƙa ta yanke ka a yatsa, abubuwa uku ne ke faruwa a jere. Na farko, jijiyar da ta yanke takan tsuke bakinta, jinin da ke fita ya ragu. Na biyu, wasu ƙananan ƙwayoyi da ke yawo cikin jini, waɗanda ake kira filatilet, sukan taru a bakin raunin. Abin da ke jawo su shi ne kolajin, wani sinadari mai ƙarfi da ke jikin bangon jijiya, wanda ba ya haɗuwa da jini sai jijiya ta fashe. Da sun taɓa shi sai su manne masa, su manne wa juna, su toshe ƙofar. Amma wannan toshiya ba ta da ƙwari, jini na iya ture ta.

Mataki na uku shi ne ke ɗaure aikin. A cikin jini akwai wani sinadari narkakke mai suna fibirinojin, wanda hanta ke samarwa. Idan aka ji rauni, jiki kan tayar da wani sinadarin mai suna turombin. Turombin na haɗuwa da fibirinojin sai ya mayar da shi zaruruwa masu danƙo, wato fibirin. Waɗannan zaruruwa su ke saƙa kansu a kan toshiyar farko, su kama jajayen ƙwayoyin jini, a samu gudan jini mai ƙwari. Shi ne daga baya yake bushewa ya zama ɓawon ciwo.

Ku riƙe waɗannan sunaye uku: kolajin, fibirinojin, turombin. Za mu sake haɗuwa da su.

Tsofaffin dabaru da iyakarsu

Dabara mafi daɗewa ita ce dannawa: a ɗora ƙyalle mai tsabta a danne har jini ya daskare. Sai ɗauri da ɗinki. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen shekarar 1013, ya yi bayanin ɗaure jijiya da zare da kuma yi mata lalas a littafinsa At-Tasrif. A ƙarni na 16, likitan Faransa Ambroise Paré ya farfaɗo da ɗaurin jijiya wajen yi wa sojoji aiki. A 1926 kuma, a birnin Boston na Amurka, likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing ya fara aiki da na'urar da William Bovie ya ƙera, mai ƙona bakin jijiya da lantarki. Har gobe waɗannan uku, dannawa da ɗauri da ƙonawa, su ne ginshiƙin aikin.

Amma akwai inda suke gazawa. Duk wanda ya taɓa gyaran naman layya ya san hanta: ka sa yatsa da ɗan ƙarfi sai ta fashe. Idan likita ya yanke wani sashe na hantar mutum saboda ƙari, abin da ke gabansa fili ne mai faɗin tafin hannu ko fiye, jini na tsattsafowa daga ɗaruruwan ƙananan ƙofofin da ido ba ya iya rarrabewa. Ba jijiya ɗaya ba ce balle a kama ta a ɗaure. In ya sa allura ya ja zare da ƙarfi, zaren zai yaga naman. Haka saifa take, haka ƙoda. Akwai kuma wuraren da wuta ba ta shiga, kamar kusa da jijiyar motsi ko laka, domin zafin zai lalata abin da ake ƙoƙarin ceta.

Wannan giɓi ne ya sa aka shiga neman abin da za a ɗora a kan rauni ya taimaki jini ya daskare. A shekarun 1940 aka fito da auduga da aka sarrafa yadda jiki zai iya narkar da ita, da kuma soson jelatin mai suna Gelfoam. A 1960 wani irinsu mai suna Surgicel ya shigo kasuwa. Waɗannan suna ba jini wurin kamawa ne kawai, sai su jira jinin majinyaci ya yi sauran aikin. Idan jinin nasa ba ya daskarewa da kyau, ƙarfinsu ya ragu. Daga baya aka samar da gam na fibirin mai ruwa, amma sai an narkar da shi an haɗa, kuma jini mai gudu na iya wanke shi kafin ya kama.

Mene ne facin tsayar da jini?

Ku tuna yadda mai faci ke gyara tib ɗin keke: ya goge wurin hudar, ya yanko ƙyallen roba da ya fi hudar faɗi, ya sa gam, ya danne har ya kama. Facin tiyata ma ƙyalle ne da gam, sai dai an haɗa su wuri ɗaya tun daga masana'anta, a bushe, kuma dukansu abubuwa ne da jiki ke iya narkarwa. Ƙyallen na ba da ƙarfi da abin dannawa, gam ɗin kuma na mannewa da nama ya rufe ƙofofin. Iri biyu ne manya.

*Iri na farko: mai ɗauke da sinadaran daskarewa.* Misalinsa TachoSil, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2004, Amurka kuma a 2010. Soso ne fari na kolajin da aka ciro daga doki, an shafe fuskarsa ɗaya da busasshen fibirinojin da turombin na ɗan Adam. An rina wannan fuskar da ruwan ɗorawa don kada likita ya juya shi baibai. Babbansa yana da tsawon santimita 9.5 da faɗin 4.8. Muddin yana bushe, sinadaran biyu ba sa taɓa juna da aiki. Da zarar ya jiƙe da jini ko ruwan gishiri sai su narke, su haɗu, su yi fibirin nan take a tsakanin soson da naman. Wato facin ya tsallake matakan farko, ya kawo na ƙarshe a shirye. Shi ya sa yake aiki ko a jikin wanda aka ba maganin tsinka jini, kamar yadda ake yi a tiyatar zuciya. Evarrest, wanda Amurka ta amince da shi a 2012, shi ma fibirinojin da turombin yake ɗauke da su, amma ƙyallensa ba na dabba ba ne.

*Iri na biyu: mai gam na kimiyya.* Misalinsa Hemopatch, ƙyallen kolajin na saniya da aka shafa wa wani sinadari da ake haɗawa a masana'anta. Idan ya taɓa danshi sai sinadarin ya ƙulla da naman da ke ƙarƙashinsa, kolajin ɗin kuma ya jawo filatilet. Babu jinin ɗan Adam a cikinsa. An yi wa bayansa zanen murabba'i masu launin shuɗi, alamar cewa wannan fuskar ce za ta kalli likita. Veriset ma na wannan rukuni ne, shi kuwa babu kayan mutum ko na dabba a jikinsa, daga tsiro aka samo ƙyallensa.

Yadda ake ɗora shi

Mu ɗauki irin na farko, mu bi aikin daki-daki a tiyatar hanta. Likita ya gama yanke sashen da ya lalace, ya ɗaure manyan jijiyoyi, ya ƙona ƙanana, amma filin yankan bai daina tsattsafa ba. Sai ya ce a kawo faci.

Ma'aikaciyar jinya da ke zagaye ta ɓare ledar waje ba tare da ta taɓa ta ciki ba. Wadda ta yi wankin hannu ta sa safa ita ke ɗauko shi. A yanka shi da busasshen almakashi yadda zai zarce bakin raunin da santimita 1 zuwa 2 ta kowane gefe. Likita ya tsane jinin da ya taru, domin idan faci ya sauka a kan kududdufin jini, da jinin zai manne ba da naman ba. Sai ya kifa fuska mai ruwan ɗorawa a kan raunin, ya ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a kai, ya danne da tafin hannu. An jiƙa ƙyallen da safar hannun da ruwan gishiri ne saboda kolajin na son jini ƙwarai, in ya sami jini a jikin safa zai biyo ta.

Daga nan sai jira. Minti 3 zuwa 5 hannu na kai, ana kallon agogon bango, ba ɗagawa don a leƙa. Wanda ya yi gaggawar leƙawa shi ke ɓalle abin da ya fara kamawa. Idan lokaci ya cika, sai a riƙe gefen facin da hantsaki, a janye ƙyallen a hankali. In wurin ya fi faci ɗaya faɗi, a jera wani ya hau gefen na farko. A ƙarshe a rubuta sunansa da lambarsa a takardar majinyaci, domin duk abin da aka yi da jinin mutane dole a iya bin sawunsa.

Kowane iri da ƙa'idarsa. Hemopatch a bushe ake ɗora shi, da busasshen ƙyalle, a danne minti 2. Ba a sake buɗe mutum don a cire ko ɗaya daga cikinsu. Jiki ne ke cinye su cikin makonni ko 'yan watanni.

Inda yake amfani

Baya ga hanta da saifa da ƙoda, ana ɗora shi a kan ɗinkin da aka yi wa babbar jijiya ko zuciya, don ya toshe hudojin allura. Da yake yana rufe wuri ruf, ana amfani da shi a huhu don hana iska tsira bayan an yanke wani sashe, da kuma a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa don hana ruwanta yoyo.

A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2005, kan masu tiyatar hanta a asibitocin Turai, jini ya tsaya cikin kusan minti 4 da TachoSil, alhali da na'urar ƙonawa mai amfani da iskar agon ya ɗauki fiye da minti 6. A lura, abin da irin wannan gwaji ya auna shi ne saurin tsayawar jini. Warkewar majinyaci kuwa ta dogara da abubuwa da yawa: irin cutarsa, ƙarfin jikinsa, ƙwarewar masu aiki da kulawar bayan tiyata.

Inda ba ya yi, da haɗurransa

Faci mataimaki ne, ba magajin allura da zare ba. Idan babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta yanke tana feshi, ba faci za a nema ba, kamawa za a yi a ɗaure ko a ɗinke. Ba a sa shi a cikin jijiya, domin gudan jinin da zai haifar na iya tafiya ya toshe hanya a wani wuri. Ba a ɗora shi a wurin da ya yi mugunya ko ƙwayar cuta ta kama. Wanda jikinsa ba ya jituwa da kayan doki ko na saniya ba a sa masa irin da aka yi da su. Idan an bar jini a jikin hanjin da ke kusa, facin na iya manne masa ya jawo toshewa, shi ya sa ake goge kewayen sosai. Waɗanda ke ɗauke da sinadaran jinin mutane kuwa, ana tantance masu bayar da jinin, ana kuma bin matakan kashe ƙwayoyin cuta, don haka haɗarin ɗaukar cuta ya yi ƙasa ƙwarai, amma ba a ce babu shi sam ba.

Sai tsada. Daga waje ake shigo da waɗannan kaya, don haka ba kowane asibiti ke ajiye su ba. Ajiyarsu ma na son kula: TachoSil ba a barinsa a wurin da zafi ya wuce digiri 25, alhali a bazara zafin Kano da Sakkwato da Maraɗi kan haura 40. Wanda aka rubuta wa ya sayo, ya saya a hannun amintaccen mai sayar da magani, ya duba ranar ƙarewarsa, ya tabbata ledar ba ta fashe ba. Kuma kada wanda aka yi wa aiki babu faci ya ɗauka an rage masa wani abu. Mafi yawan tiyata ana gama ta lafiya ba a buƙace shi ba.

Batun asalin kayan

Tun da wasu daga cikin waɗannan kaya daga dabba ko jinin mutum aka samo su, majinyaci na da haƙƙin ya tambaya. Soson jelatin irin Gelfoam, alal misali, daga fatar alade ake yin sa. A taron malaman fiƙihu da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995, an tafi a kan cewa jelatin ya riga ya sauya daga asalinsa, don haka ya halatta. Akwai malaman da ke ganin a nemi madadinsa in akwai, a yi amfani da shi in larura ta kama. Lokacin yin wannan magana da likita, da malaminka in kana so, shi ne kafin ranar aiki, ba bayan an yi maka allurar barci ba.

Abin da ke wuyan majinyaci

Ku karanta wannan hira tsakanin likita da wani dattijo da za a yi wa aiki.

"Baba, akwai maganin da kake sha kullum?"

"Babu, Likita, sai 'yar ƙwayar nan ta ciwon gwiwa da nake saye a kemis."

"Ita nake nema, Baba. Ka sa yaro ya kawo min kwalinta. Na gargajiya fa?"

"Akwai wani jiƙo da nake sha da safe. Shi ma sai na faɗa?"

"Shi ma, Baba. Duk abin da ke shiga bakinka da sunan magani, ina so in sani."

Likitan bai matsa don son jin ƙwaƙwaf ba. Asfirin na raunana filatilet, kuma tasirinsa kan ɗauki kusan mako guda, sai jiki ya yi sababbi. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak ma suna taɓa su. Wafarin kuwa, wani maganin tsinka jini, yana hana hanta samar da wasu sinadaran daskarewa. Amma kada kowa ya daina shan magani da kansa, musamman mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki. Likita ne zai faɗi wanda za a dakatar da ranar da za a dakatar.

Haka nan a sanar da likita idan mutum na da ciwon hanta, ko ya taɓa zubar da jini mai yawa wajen haihuwa ko cire haƙori, ko a danginsu akwai yaron da jini ya ƙi tsaya masa bayan kaciya. Wannan na ƙarshe na iya zama alamar himofiliya, cutar gado da ta fi kama maza.

A gida kuma, idan wani ya yanke, kada a zuba toka, ƙasa, kashin shanu, man goge baki ko fetur da sunan tsayar da jini. Suna shigar da ƙwayar cuta, har da ta sarƙe-haƙora. A ɗora ƙyalle mai tsabta a danne da ƙarfi ba ɗagawa. In ya jiƙe, a ƙara wani a kai, a nufi asibiti.

Tambayoyi

1. Faɗi matakai uku da jiki ke bi wajen tsayar da jini.
2. Me ya sa ɗinki ke wuya a hanta da saifa?
3. Mene ne bambancin iri biyu na facin tsayar da jini?
4. Me ya sa ake tsane jini kafin a ɗora faci?
5. Kawo wurare biyu da ba a amfani da shi.
6. Waɗanne abubuwa ya kamata majinyaci ya faɗa wa likita kafin tiyata?

Aiki

Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen duk magungunan da ake sha a gidansa, na asibiti da na kemis da na gargajiya, da sunan mai shan kowanne. A ajiye takardar inda za a same ta ranar buƙata. Sa'an nan a kasu biyu-biyu, ɗaya ya zama likita ɗaya majinyaci, a gwada hirar da ke sama.

Kammalawa

Facin tsayar da jini yana rage ɓarna a wuraren da zare da wuta suka gaza, amma ba ya mayar da jinin da ya riga ya zuba. Wannan sai ƙarin jini, shi kuwa ba a ƙera shi a masana'anta, daga jikin mutane yake fitowa. Mai lafiya ɗan shekara 18 zuwa 65, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya ba da leda ɗaya, kusan mililita 450, jikinsa ya mayar da ita. Don haka 'yan uwa, kada mu jira sai namu na kwance a gadon tiyata. Wanda Allah Ya ba lafiya ya je asibiti mafi kusa ya ba da jini, wanda kuma za a yi wa aiki ya faɗa wa likitansa gaskiya duka.